Yadda Balarabiya Ta Faɗi Larabci

Zuwa gare ki Tagrid, rumman na kwarin Ajlun, ruwan idon dutse a tsakiyar bazara, barewar da ta tsallake tarkona ta faɗa na wani! Ya ke hasken da na ƙura wa ido har na makance! Mutane suna kiranki Ummu Lais, wato uwar Lais. Bakina ba zai faɗa ba, domin ɗan wani ne, alhali nawa ya kamata ya zama.

Kada ki yi dariyar rubutuna. A jikin allunan hanya na koyi baƙi, ina tuƙa bas daga ƙauyenmu zuwa Irbid, babu malamin da ya taɓa riƙe mini hannu. Ku da aka riƙe wa hannu ai mun ga abin da kuka rubuta.

Shekara arba'in da ɗoriya ina yawo da tambaya ɗaya kamar ƙaya a tafin ƙafa. Me ya haɗa mai koyon haɗa magani da waƙoƙin mutanen da? Me ya haɗa ta da Turanci, da tarihin sarakunan da suka riga suka ruɓe, da tsalle-tsalle a filin wasa? Wane mara tsoron Allah ne ya zauna a ofis ya yanke cewa kwalejin shekara biyu ba za ta ba yarinya difloma ba sai ta ci waɗannan darussa na kowa da kowa? Na tambayi liman, ya ce ilimi duk ilimi ne. Na tambayi wani malami da na taɓa ɗauka a mota, ya ce ana so ne ɗalibi ya zama cikakken mutum. To da can rabin mutum ce ke? Ni da na gan ki a bakin rijiyar gidanku, wallahi ban ga inda kika ragu ba.

Kin tuna ranar da dattawanmu suka cika falon mahaifinki? Mahaifin naki Abu Nayif, Allah ya jiƙansa ko da yake shi bai ji ƙaina ba, ya shafa gemu ya ce, "Mun ba ku. Amma ɗaurin aure sai ranar da ta kawo takardarta. Shekara biyu ce, ya Sayil, kamar gobe ne." Muka sha gahawa a kan haka, na sumbaci kansa. Ni a sanina shekara biyu kakar zaitun biyu ce, a kaɗe, a matse, a sake kaɗewa, a kai amarya. Ba wanda ya gaya mini cewa shekarar 'yan boko tana miƙewa kamar roba.

Ya sanyin idona, kin tuna ranar ƙanƙara? Motata ta maƙale a hawan nan na bayan itatuwan tuffa, fasinja suna ta salati, gwaggonki da ke raka ki ta lulluɓe kai tana barci. Kina kujerar da ke bayana, wadda ban taɓa barin kowa ya zauna ba ko da zan yi faɗa da tasha guda. Kika fasa rumman da farcenki, kika miƙo hannu ta gefen kujera, kika zuba mini 'ya'yan a tafi, jajaye kamar garwashi. Kika ce a hankali, "Sayil, in na gama zan nemi aiki a kantin magani na bakin tasha, in riƙa ganin shigowarka da fitarka." Duniya ta yi fari fat a waje, ni kuwa wuta ce ke ci a ƙirjina! Na ƙi cin 'ya'yan nan, na damƙe su har ruwansu ya gangaro mini a hannun riga. Wace kurciya ce ta taɓa kuka irin muryarki a ranar? Wane furen bazara ne ya kai kumatunki? Ashe maciji ma a cikin furanni yake shan inuwa.

Darussan sana'arki kin cinye su kamar alawar kunafa. Sunayen magunguna masu karya harshe, awon ƙwayar da ido ba ya gani, lissafin da ya sa 'yan mata kuka, duk ke ce ta ɗaya. Kina karanta mini su a hanya ina gyaɗa kai kamar na gane. A ajin nan ku kaɗai ne, 'yan mata zalla da wata malama mai gashin baki, hankalina kwance. Ban san akwai babban zaure a ƙasan bene ba, inda ake tara kowane sashe wuri guda don darussan dole, masu magani da masu awon ƙasa da masu lissafin kuɗi, maza a dama, mata a hagu, tsakaninsu hanya ce da ba ta kai faɗin tabarma ba. Ido kuwa ba ya bukatar gada.

Kin ci Turanci, yaren da ko a rediyo ba a ji a gidanku. Kin ci tarihi. Kin ci tsalle-tsallen. Sai Larabci! Kika shigo mota da jan ido kika ce kin faɗi Larabci, kuma ba za a bar ki ki zauna babbar jarrabawar ƙarshe ba sai kin maimaita. Na ce ba komai, doki mai ƙafa huɗu ma yana tuntuɓe. Zango ya zagayo, kika sake faɗi. Ke, Tagrid, da kike gyara wa liman ƙira'a daga bayan labule! Direbobi suka sa mini suna a tasha. Ina shigowa sai su ɗauka, "Ga Angon Baɗi! Ango, yaushe za mu ci mansaf, shinkafa da naman bikin, ko sai haƙoranmu sun zube?" Wani ya ce, "Ku ƙyale shi, amaryar tana koyon yadda za ta ce masa a'a da nahawu." Na fasa masa baki, amma sunan ya bi ni har yau da furfurata.

Na ajiye mota cike da fasinja na shiga kwalejin nan da ƙafata. Na sami magatakarda, wani guntun mutum mai tumbi yana tsoma burodi a shayi. Na ce, "Malam, yarinyar nan da Larabci aka yi mata huɗuba, da Larabci take mafarki. Ku yafe mata wannan, ku ba ta takardarta. Maganin tari za ta sayar, ba waƙa ba." Bai ko ɗago ba ya ce, "Sharaɗi ne, ɗan'uwa, daga sama ya zo. Ko 'yar minista ce sai ta ci." Na ce to a nuna mini na saman. Sai ya dube ni daga rawani har takalmi ya ce, "Kai mahaifinta ne?" Na ce, "Mijinta ne in Allah ya yarda." Ya ce, "To ranar da Allah ya yarda ka dawo." 'Yan ofis suka tuntsire da dariya. Na daki teburinsa har shayin ya kife a kan takardu, aka fitar da ni kamar ɓarawo, ɗalibai sun cika baranda suna kallo. Kina cikinsu. Na gan ki kin rufe fuska da littafi, na ce a raina kuka take yi saboda tausayina. A gefen baranda akwai wani siririn yaro mai tabarau, takalminsa na ƙyalli. Shi bai yi dariya ba. Kallonki yake yi.

Galib ke nan, ɗan sashen lissafi. Daga baya na ji cewa shi ma Larabcin yake maimaitawa. Ikon Allah! Larabawa biyu, kowa haziƙi a sashensa, sun kasa yaren iyayensu a zaure ɗaya, zango bayan zango. Ruwa ba ya tsami banza, ya rumman ɗina.

Kika faɗi a karo na gaba ma. Kafin kakar zaitun ta huɗu mahaifinki ya aiko yayanki da zobe da sarƙar baikonmu a ƙulle cikin hankici, wai kada a ci gaba da tauye ni, wai in nemi wata, karatun ba shi da ranar ƙarewa. Ashe yana da rana. Zango ɗaya bayan nan kika ci Larabci da makin da aka liƙa sunanki a allo, Galib ma ya ci, kuka karɓi takarda rana guda. Motata aka so ɗauka haya don kai 'yan bikinki da shi. Na ce ta lalace.

To ya ya ƙare miki, ya tauraruwar asuba? Bari in gaya miki, tunda ina kallo daga nesa. Bakin nan da ya yi ta rera miki baitoci a zaure, shanyewar jiki ta karkatar da shi har kunne. Shekarunsa na ƙarshe ko ruwa ba ya iya cewa, da Larabci ko da wani yare, kina share masa miyau da gefen mayafi. Ina nahawun? Na je gaisuwar mutuwarsa, na zauna a sahun gaba, na naɗe hannun riga na ci mansaf ɗinsa har na lashe yatsu. Wanda direbobi suka jira a bikina, ni na ci shi a makokinsa, kuma wallahi naman ya yi laushi. 'Ya'yanki kuma inuwar giginya, suna can ƙasashen mai suna ciyar da dangin matansu, sai ranar idi su nuna miki fuska a waya. Ƙafafunki sun kumbura, bayanki ya ranƙwafa, haƙoran nan da na kwatanta da ƙanƙara rabinsu na likita ne. Na lura da komai. Kuma duk da haka, kaicona, da na hango ki sai na tsaya ina kallonki kamar yaro! Tsohuwar zuma ai da ita ake magani.

Ni ma na yi aure, kada ki ɗauka zama na yi ina kuka. Fidda 'yar baffana ta zauna da ni har ta koma ga Allah, ba ta haihu ba, ba ta kuma taɓa jin kalma mai daɗi daga bakina ba, domin duk na ƙarar da su a kanki tun kafin ta shigo. Tana dafa abinci, ina ci, ina kallon bango. Alhakinta yana wuyanki, ke da mai tumbin nan da wanda ya ƙirƙiro darussan dole. Ku raba shi uku ranar hisabi.

Watan jiya likita ya ce zuciyata ta gaji, ya rubuta mini ƙwayoyi. Kantunan magani sun fi a ƙirga a Irbid, amma ƙafata ta kai ni na bakin tasha, inda kika cika rabin alkawarinki. Ga ki a bayan kanta da farar riga, ga takardar nan a gilashi bisa kanki, an goge ta tana ƙyalli. Kika karanta sunana a rubutun likita. Na ga yatsanki ya tsaya a kai. Amma ba ki ɗago ba, kika ce, "Hajji, ɗaya da safe ɗaya da yamma, bayan abinci. Kada ka tsallake, zuciya ba ta son wasa." Na ce, "Ke ce yau kike gaya mini haka?" Kika ce, "Allah ya ƙara sauƙi. Mai bi masa." Hajji! Mai bi masa! Ni da na riƙe 'ya'yan rumman ɗinki har suka narke a hannuna!

To ki saurara, ya ruwan da ban sha ba. Ƙwayoyin nan suna kan taga, ban ɓalle ko ɗaya ba, kuma ba zan ɓalle ba. Takalmina ya daina shiga. In na hau tudun masallaci sai na zauna a hanya ina haki kamar tsohuwar mota. Kin san ni, dutse ya fi ni saurin sauya ra'ayi. Tambayar darussan na haƙura da ita, waɗanda suka san amsa sun mutu ko sun yi kurum. Wadda ke ƙarƙashinta nake so, wadda ke kaɗai kika riƙe. Faɗuwa kika yi da gaske, ko kuwa zama kika yi a zauren nan, alƙalami a hannunki, kina sane da amsa kina rubuta kuskure, zango bayan zango, har sai da na fita daga hanyarki?

In kin ce da gaske kika faɗi, zan gaskata ki ko da duniya za ta yi mini dariya. Zan sha maganin, in aske gemu, in tattara 'yan tsofaffin da suka rage a danginmu mu zo wurin yayanki, in ɗauke ki da kumburin ƙafarki da haƙoran likitanki in ajiye ki a gidana kamar ƙwayar ido. In kuma kin ce da gangan ne, nan ma zan sha, don in yi tsawon rai ina zama a bencin tasha kullum, ki ɗago ki gan ni, ki sunkuyar. Ko ta wace hanya ni naki ne, ban taɓa zama na wata ba, ba kuma zan zama ba har a juya fuskata alƙibla a rufe.

Shiru ne kawai ban yarda da shi ba. Ke kika karanta aikin magani, kin fi ni sanin kwana nawa zuciya irin tawa take yi babu shi. Ki lissafa da kanki, sannan ki aiko mini da amsa ta hannun kowane direba, duk sun san gidana. Kalma ɗaya ce, Tagrid. Ki ba ni amsa!

Naki da rai, naki a kabari,
Sayil