Mutum Arba'in da Ɗaya Suka Saya

Litinin, 1 ga Satumba, 2025

Yau ni na ci mitin. Oga Nicholas, mai jaridarmu ta intanet, ya yarda mu daina karɓar kuɗin wata daga masu karatu. Kowa ya biya naira ɗari biyu ya buɗe labarin da ransa ke so. Shawarata ce. Malam Badaruddeen, wakilinmu na ƙauyuka, shi kaɗai ya ƙi. Ya ce, "Amatullahi, mai biyan wata amana ya ba mu, mu zaɓa masa abin da ya kamata ya sani. Wannan kuwa talla za mu koma." Na ce masa zamani ya wuce nan. A gaban kowa. Mutumin da ya koya min rubuta kanun labari.

Laraba, 17 ga Satumba

Ana saye sosai. Oga har shawarma ya yi mana oda.

Talata, 7 ga Oktoba

Labarin Malam ya fita. Manoman ƙauyen Paikon Kore ne suka wayi gari an kafa turaku a gonakinsu, wani kamfanin gidaje na cewa filin nasa ne. Sati uku Malam yana bin su gona-gona a kan okada. Mutum arba'in da ɗaya suka saya. Rigimar wani mawaƙi da matarsa, wadda na haɗa ina cin gyaɗa, mutum dubu shida.

Juma'a, 10 ga Oktoba

Oga ya kafa allo a ofis, sunan kowa da yawan masu sayen labarinsa. Malam ne a ƙasa. Ya tsaya ya karanta tun daga sama, ya gyara hularsa, ya tafi masallaci.

Juma'a, 31 ga Oktoba

An sallami Malam daga aiki. Oga ya ce, "Ba mugunta ba ce, kasuwa ce," sannan ya tambayi ra'ayina. Na duƙufa kan wayata. Da Malam zai fita ya tsaya a teburina, ya ce, "Ki riƙa cin abinci a kan lokaci." Da zagina ya yi, da ya fi min sauƙi.

Litinin, 3 ga Nuwamba

Wani dattijo, Baba Sale, ya kira layin ofis daga Paikon Kore. Katafila ta shiga gonakin, ba su ko tone doya ba. "Ina ɗan jaridar nan? Ya ce zai dawo." Na ce ba ya nan yanzu. "To ke fa, 'yata?" Na ce zan duba.

Ban tura kowa ba. Wa zai saya?

Asabar, 15 ga Nuwamba

Na je Gwagwalada gaida Jennifer, ƙawata. Tunda na zo kusa, sai na ƙarasa Paikon Kore. Ba wani abu ba, gani kawai.

An baje komai. Baba Sale ya nuna min inda iyakar gonarsa take, ƙasa ja kawai. Na cika shafi tara da rubutu ban sani ba.

A mota na kira Malam, wai in tabbatar da wasu sunaye. Yana unguwar Orozo, yana tsaron shagon ƙaninsa, ina jin ana tambayarsa farashin sabulu. Bai yi min maganar sallamarsa ba. Ya ce, "Kin ji ta bakin matan? Su ke noman bakin rafi."

Ban ji ta bakinsu ba. Ban kuma ba shi haƙuri ba.

Gobe zan koma wajen matan. Oga bai sani ba.