Daji Mai Barci da Mai Gudu

Zuwa ga 'yata, Uwata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya tarin autanki? Allah ya ƙara sauƙi.

Kin matsa in gaya miki abin da asibiti suka ce, to ga shi. Kin san ni da yayana, Baffanki, ciwo ɗaya aka samu a jikinmu: ciwon dajin wannan ƙullin naman da ke ƙarƙashin mafitsarar maza. Rana ɗaya aka tsinko mana ɗan nama da allura. Likita ta ce za a auna wani sinadari, wai furotin, a cikinsa, yawansa ne ke nuna ko ciwon mai barci ne ko mai gudu. Da sakamako ya fito na leƙa na Baffanki, na ga 'yar lamba, tawa kuwa ta ninka tasa. Ni da na tsufa ina ba yara maki a aji, sai na gyara zama, har na zungure shi da gwiwar hannu. Likita ta bari na gama murmushi, sannan ta ce a wannan jarrabawa mai ƙaramin maki ne ya ci.

Shi ido kawai za a sa masa, ya riƙa zuwa gwajin jini. Ni aiki za a yi mini, kuma wai kada a ja lokaci.

Uwata, ki duba mini wannan lamari. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa a kujerar babbar mota, taba a baki, kitse a hannu, bai taɓa tafiyar da ta wuce daga ƙofa zuwa mota ba. Ni kuwa na bar sukari tun kina firamare, kullum safiya sai na zaga filin makaranta. Ƙyashinsa nake ji, ba zan ɓoye miki ba.

Ki gaida kowa da kowa.

Mahaifinki.

Zuwa ga Uwata,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina hidimar yara? Saƙonki ya iso, faɗan da ke ciki ma ya iso.

Gaskiya ne, ban je ganin likita mai fiɗa ba. Ki saurari dalilina kafin ki sake ɗaga murya. Ni da Baffanki sunan uba ɗaya muke ɗauka, kuma da idona na ga kwalabe biyun da aka saka namanmu a jere a kan faranti guda. Wa ya tabbatar ba musanya aka yi ba? Ba zan kwanta a yanka ni a kan naman wani ba.

Baffan naki kuma ya mai da falona tasha. Kullum sai ya zo da lemo wai dubiya, ya zauna a kujerata, ya ɓare ya shanye rabi, yana ba ni haƙuri da baki cike. Tumbinsa sai ƙara sheƙi yake. Mahaifiyarki ta ce in ji kunya, na ce mata kunya ba ta rage furotin.

Na kai ƙorafina wurin likita, shi ma ya biyo ni. Ba ta ji haushi ba. Ta ce za a ɗebi jininmu a gwada da naman da aka ajiye, a ga kowane na wane ne. Kafin ta rufe baki Baffanki ya naɗe hannun riga yana dariya. Wannan dariyar ta fi allurar yi mini zafi.

Ki shafa mini kan yara.

Mahaifinki.

Zuwa ga 'yata, Uwata,

Assalamu alaikum. Ina fata kun tashi lafiya. Mu ma mun gode Allah.

Tun da aka ɗebi jinin nan, addu'ata ɗaya ce bayan kowace salla: Allah ya sa musanya aka yi. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina, in an yi musanyar, wa zai ɗauki mai gudun ba.

Shekaranjiya muka yi la'asar tare a falo. Kin san ƙarar injin mota ta cinye masa kunne, in yana addu'a a zatonsa a hankali yake yi, alhali na ƙofar gida ma na ji. Na ɗaga hannu zan fara tawa, sai na ji ta tana fitowa daga bakinsa. Yana roƙon Allah ya sa musanya aka yi. Wai shi ya ci zamaninsa, 'ya'yansa duk sun kama gabansu, ƙanensa kuwa bai taɓa cutar da jikinsa ba, a ba shi mai gudun a bar mini mai barcin. Na sauke hannuna, na kasa cewa amin, na kasa ci gaba da tawa.

Jiya sakamako ya fito. Ba a yi musanya ba, naman nawa ne. Baffanki ya fita baranda ya daɗe yana fyace hanci, wai mura.

Na je na ga mai fiɗa, an sa mini rana a makon gobe. Ƙyashin bai tafi ba, Uwata. A da lafiyarsa nake yi wa ƙyashi, yanzu kuwa zuciyarsa, kuma wannan ya fi ciwo.

In maigidanki ya yarda ki zo kafin a shiga da ni. Kada ki gaya wa Baffanki na ji shi.

Naki har kullum,

Mahaifinki.