Ɗigon Zangon Iyatu

Dutse, Afrilu 2004

Zuwa ga Yaya Idirisu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Inna da su Larai. Yaya zafi, yaya kuma jigilar ruwa da amalanke? Allah ya kawo sauƙi.

Yaya, safiyar Litinin na ga wani abu a ofishinmu na gyaran famfunan ƙauye. Na tada janareta, ina goge teburin Madam Nanret mai kula da kwamfutoci, sai ga taswirar nan a buɗe, wadda kowane ƙauye yake da ɗigonsa: kore in famfo yana aiki, ja in ya mutu. Karatuna bai yi nisa ba, amma na san inda Zangon Iyatu yake, can gefen Miga. Ɗigonmu ja ne, wato saƙon da ka aiko ya shiga. Da na wuce ɗakin Injiniya Choji, wanda shi yake tura motar gyara, taswirar ce dai a tasa kwamfutar, amma ɗigonmu kore shar.

Na ce ko idona ne. Washegari haka, wanshekare ma haka. Na faɗa wa Muntaka direba, ya yi dariya, wai yau ga tsintsiya ta zama injiniya, in ɗigon kore ne sai mutanen garinmu su sha korensu. Daga nan na samu Madam. Ba ta kore ni ba, ta tashi ta je ta duba da kanta, ta dawo tana riƙe da haɓa.

Ga yadda ta yi mini bayani. Duk labarin famfuna yana cikin babbar kwamfuta ɗaya. Da yake layin sadarwarmu ba shi da ƙarfi, ita da kanta ta shirya shafin Injiniya ya riƙa ajiye abin da ya ɗebo, kada ya yi ta komawa. Ta ce kamar randa ne, an cika ta tun tuni, ana ta sha daga ciki, ba wanda ya ce a zubar a ɗebo sabo. Za ta gyara yadda duk sanda aka canja wani abu a babbar, za a zubar da na randar.

Saboda haka ka gaya wa Inna da Mai Unguwa, mota tana tafe cikin makon nan in Allah ya yarda.

Ƙaninka,
Sagiru

Dutse, Afrilu 2004

Zuwa ga Yaya Idirisu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina tambayar ƙafar Inna da kuma san amalanken nan da ka ce ya soma ɗingishi.

Yaya, na yi gaggawar baki a wasiƙar farko. Mota ba za ta zo makon nan ba.

Madam ta gama gyaran ranar Alhamis, ta kira mu ɗakin Injiniya. Ta danna, taswirar ta ɓace, ta dawo. Ɗigonmu ya zama ja, har na soma murmushi. Sai na ga ba mu kaɗai ba ne. Ta wajen Taura ja, ta wajen Kiyawa ja, kamar an watsa barkono a faifai. Wani ɗigo kuma da yake ja ya koma kore, Muntaka ya ce ai shi ne garin da aka tura shi ya tarar mata suna tuƙa famfo lafiya lau. Injiniya ya cire tabarau ya daɗe yana murza ido. Daga baya ya ce za a bi wanda ya fi daɗewa a mace. Rugar Bubayero tun Babbar Salla ba su da ruwa. Su ne farko, mu muna can baya.

Muntaka ya ce ni na jawo mana. Wai da na raɓa na raɗa wa Injiniya maganar garinmu kaɗai, da yanzu muna shan ruwa. Na juya maganar a raina, kuma ba zan ce maka ba ta yi mini ciwo ba. Amma na je na tsaya gaban taswirar, na ga ko ɗigon nan na Rugar Bubayero akwai mai ɗingishi a bayansa. Ban nemi alfarma ba.

Yanzu Madam ta sa shafin yana nuna lokacin da aka ɗebo labari a samansa, ta kuma koya mini inda zan duba in na zo shara.

Na san abin da za ka sha a bakin masallaci, za a ce ɗan'uwanka na Dutse ya yi ƙarya. Ka yi haƙuri, ka gai da Inna da kowa da kowa. Wanda bai yarda ba ka ce masa ba ni kaɗai na gani ba. Madam Nanret tana nan, Injiniya Choji yana nan, da Justina mai buga takardu, da Muntaka, wanda shi zai tuƙo motar in layi ya zo kanmu. Su tambaye shi.

Ƙaninka,
Sagiru