Ƙanwata ta kai ɗinkin aurenta shagon wata

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara, abin ya tsaya mini a ƙirji.

Ni tela ce. Tun rasuwar mahaifiyarmu ni na riƙe autarmu, da keken ɗinkin nan na yi mata makaranta. Bara ciwo ya same ni: ƙuraje a baki, jan ido, sai gwiwa da wuyan hannu su kumbura, suna zafi kamar an zuba garwashi. Na sha yawon asibiti kafin likita ya ce cutar Behcet ce, mai kumbura jijiyoyin jini, ba kasafai ake samunta ba. Abin haushin, zuwa take yi ta tafi. Yau ina taka keke, gobe ko maɓallin rigata ba na iya sawa.

Auren Auta ya matso. Tun tana firamare nake ce mata ni zan ɗinka rigar aurenta. Na shimfiɗa yadin a tebur, na zana da alli, almakashi ya suɓuce daga hannuna. Na roƙe ta ta ɗan ƙara mini lokaci. Ta ce kullum da sabon ciwona, ai jiya ta gan ni ina dariya da kwastoma. Ta naɗe yadin, da zanen allina a jiki, ta kai shagon da ke kallon nawa. Daga kujerata ina hango shi a rataye. Tun ranar ba mu yi magana ba. Anti, in je bikin kuwa?

Mai ɗinki

'Yar'uwa, sannu. Maganar Auta ta yi zafi, kuma ba ki cancanci haka ba. Amma ki duba, amarya ce da lokaci ya ƙure mata, kuma ciwon da ke zuwa ya ɓuya yana da wuyar gaskatawa ga mai lafiya. Ranar ganin likita ki tafi da ita, ta ji daga bakinsa.

Kada ki bar magani don kin ji sauƙi. Jan ido kuwa kada ya kwana ba ki je asibiti ba. Kumburin wannan cutar ba kasafai yake lalata gaɓoɓi ba, saboda haka kada ki yi wa sana'arki bankwana.

Rigar ta wuce, ki bar ta. Ki kira ƙanwarki yau ki gaya mata abin da kika gaya mini, ko da kuka ne. Biki kuwa ki je. In ƙafa ta kumbura ranar, a ajiye miki kujera kusa da ita. Allah ya ba ki lafiya, ya daidaita tsakaninku.