Kunnen Aro

Tungar Makaɗa,
Nasarawa Burkullu.
Nuwamba, 2013.

Zuwa ga ƙanwata Ummukulsum,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara da duk mutanen Gummi. Yaya nauyin jiki? Allah Ya sauke ki lafiya. Mu nan lafiya lau, an gama yankan dawa, Inna tana gaishe ki. Kin san halin waya a garin nan, sai an hau tudu, shi ya sa na ba Musa ɗan kabu-kabu wannan takarda.

Ummu, wani abu ke cin raina. An kawo mana sabon malamin firamare, Malam Vincent, mutumin Binuwai. Hausarsa a karkace take, amma kunnensa garau. Ya ji ana cewa gidanmu ke riƙe da labarin Sarki Tsagau, ya zo ya yi sallama da Baba. Na ɗauka da goro za a sallame shi. Ina! Tabarma Baba ya shimfiɗa masa a zaure. Yanzu kullum bayan la'asar yana nan, Baba yana zuba masa labarin kakanninmu kamar an kunce bakin buhu.

Ke ba ki riski lokacin da ake taruwa a gindin tsohuwar ganuwa bayan kaka ba, Baba yana kiɗa yana ba da labarin. Ni ma ina ƙarami aka daina, guntu-guntu kawai na riƙe, kuma duk duniya shi kaɗai ya rage da shi cikakke. Sai yanzu da nake yaɓen rumbu a bayan zaure nake jin yadda Tsagau ya riƙe ganuwarsa: duk inda ruwa ya karya ta, sai ya jera mutane a tsaye cikin gurbin, a yaɓa ƙasa a kansu. Da yadda yake yanke babban yatsan duk makaɗin da ya yi masa kiɗa, don kada hannun ya ƙara riƙe sandar kiɗa saboda wani. Kakanmu Tanko, in ji Baba, da igiyar fata ya ɗaure sandar a wuyan hannunsa ya ci gaba da bugu.

Kakana ne fa, Ummu. Ni ne babba, ni ya kamata in gaji labarin. Na san kunyar ɗan fari ce, ban ce Baba ya yi abin da ba a yi ba. Tun da aka haife ni bai taɓa kiran sunana ba, sai dai ya ce wancan. In na shiga zaure ya kau da kai, in zai aike ni ya aiko ki. Duk na haƙura, haka na tashi na ga ana yi. Amma ya ɗauki baƙo ya zaunar a gabansa, har da dariya? Jiya da kunnena na ji ya ce masa ɗana. Ƙasar da ke hannuna suɓucewa ta yi.

Ki gaida yara. Kada ki faɗa wa kowa.

Yayanki,
Tasi'u.

Disamba, 2013.

Ummukulsum,

Sallama da fatan alheri. Ina fata kun tashi lafiya, da jikin naki. Takardarki ta iso, na ga kin ce in yi haƙuri. Ke ai kina da bakin faɗa, ke da Baba ke goyawa a wuya ya kai ki kasuwa.

To na bar musu zauren. Rumbun ma rabi na bar shi. Da an yi la'asar sai in tafi majalisa, ko in hau babur in yi Bukkuyum ba don komai ba, don dai kada in ji muryarsu. Sai ga shi malamin da kansa yana faɗa wa mutane wai labarin ya tsaya cak, kullum zancen ganuwa tsohon yake maimaita masa, ya ƙi gaba. Wallahi har raina na ji daɗi. Na ce ashe Baba ya fara gajiya da shi.

Ranar Juma'a na dawo da wuri, me zan gani? Tsohon tambarin gidanmu, wanda ni ko ƙura ban taɓa samun izinin kaɗe masa ba, a kan cinyar Malam Vincent, yana shafa fatar yana murmushi. Ummu, idona ya rufe. A gaban mutanen da suka fito masallaci na ce masa ya ajiye mana kayan gado, na tambaye shi ko a garinsu ba shi da uba ne da zai zo ya raɓi na wani. Ya ajiye tambarin a hankali, ya ce gaskiya ne, nasa ya rasu tun yana goye. Ya sa takalminsa ya tafi.

Baba kuwa tashi ya yi ya naɗe tabarmar da kansa ya shiga ciki.

Maganar uban ta yi mini nauyi daga baya, ban san maraya ba ne. Amma dai zaure ya dawo namu. Gobe zan koma kan rumbu, in ga ko yanzu za a tuna da ni.

Naki,
Tasi'u.

Ƙarshen Disamba, 2013.

Ƙanwata,

Gaisuwa da fatan kina lafiya. Kada hankalinki ya tashi, amma Baba ba ya jin daɗi. Ya daina fitowa zaure, fura ma sai Inna ta matsa yake kurɓa. Na gama rumbu, na yi jinka, na share bayan zaure har ba abin sharewa. Shiru.

Jiya Goggo Atine ta zo daga Bukkuyum dubiya. Ta fito daga ɗakinsa ta same ni a gindin durumi, ta kama kunnena ta murɗe kamar ba ni da gemu. Ta ce ba ta taɓa ganin sakarai irina ba. Ta tambaye ni, a ganina don me tsoho mai ciwon ƙirji zai riƙa ɗaga murya ga mutumin da ke zaune dab da gwiwarsa? Ta ce Baba ba ya fara magana sai ya ji motsina a bayan bango, ranar da ba na nan kuwa sai ya yi ta zagaye a wuri ɗaya yana jira. Wai shi ma ɗan fari ne, haka mahaifinsa ya yi masa: wani Bafillatani mai kawo nono gidan aka riƙa zaunarwa, Baba yana saƙar zana daga waje. Uba ba zai dubi idon ɗansa na fari ya yi ta zance da shi ba, dole sai an aro kunne. Ta ce shekara da shekaru Baba yana neman wanda zai zauna ya saurara, ƴan garin nan duk sun ce tatsuniya ce. Allah Ya kawo masa ɗaya, ni kuma na kore shi.

Na ce to ita ta zauna mana. Ta ce ba a ba mace wannan labari, kuma wanda ya kori baƙo shi ke zuwa bikonsa.

An yi hutun makaranta, malamin yana Anka wurin yayarsa Martha, mai aikin jinya. Gobe da safe zan tafi. Ba zan ɓoye miki ba, har yanzu in na tuna kalmar nan ɗana sai kishi ya taso mini. Ko aro ne, ai shi aka faɗa wa.

Ki sa mu a addu'a.

Tasi'u.

Janairu, 2014.

Zuwa ga Ummukulsum,

Assalamu alaikum. Ina fata ke da yara kuna lafiya, ki gaida maigidan da kyau.

Na same shi a Anka yana wa yayarsa gyaran murhu. Na durƙusa, abin da ban taɓa yi wa sa'ana ba. Martha ta harare ni har na ji a bayana, ta ce ba inda zai je. Shi kuwa bai ma bari na gama ba. Ya ce tun makon farko ya lura Baba ba shi yake wa magana ba, bango yake wa, amma zaman yana masa daɗi. Ya hau bayan babur ɗina muka taho.

Sai dai Baba ya riga ya yi nisa. Ba ya iya fitowa, a ɗakinsa aka zaunar da malamin, ni na raɓe a bakin ƙofa daga waje. Murya ta ƙare, Ummu. Ina jin numfashi, ba na jin magana. Na ɗaga labule na sa ƙafa ɗaya ciki, sai ya yi tsit ya juya fuska bango. Ko a wannan hali! Na koma waje ina hawaye kamar yaro.

Can sai na ji muryar Malam Vincent da ƙarfi, da karkatacciyar Hausarsa. Ashe kunne ya kai bakin Baba, duk abin da ya ji sai ya ɗaga murya ya maimaita. Haka muka yi ta yi kullum da hantsi har labarin ya kai ƙarshe. Tsagau ya ga mutane sun fi taruwa don jin kiɗan Tanko da don ganin sa, kishi ya kama shi, ya kori makaɗa duka daga cikin ganuwa. Ranar da mayaƙa suka taso masa, ba mai buga kiran gayya. Ya ɗauki tambarin da kansa ya yi ta bugu, mutane suna gonakinsu suna ji, suka ce yara ne ke wasa. Ba wanda ya zo.

Da aka gama, Baba ya ce a tambayi wancan na waje ko ya riƙe. Na ɗauko daga farko, daga ganuwa har zuwa tambari, ina faɗa daga bakin ƙofa. Sau biyu ya gyara mini, ta bakin malamin. Yanzu labarin yana wurina, ba abin da ya zube.

Da Malam Vincent ya fito idonsa ja, ya nuna mini hannunsa. Ya ce tun da na fara magana Baba ya kama shi ya riƙe, duk inda na faɗi daidai sai ya ƙara matsewa. Har shatin yatsun Baba na gani a fatarsa. Na yi masa godiya, kuma da zuciya ɗaya na yi. Amma Ummu, Allah Ya yafe mini, na tsaya ina kallon hannun nan, ina jin da ma nawa ne.

In jikinki zai ɗauki hanya, ki taho cikin makon nan, kada ki jira na gaba. Yana ta kiran sunanki.

Ni ne yayanki,
Tasi'u.