Abincin Kwana Goma Sha Huɗu

Zuwa ga Uwata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Ya aiki? Na san amsar, ya yi yawa. Shi ya sa na koma takarda, ita ba ta cewa in bari za ta kira ni anjima.

Kifayen da marigayiya mahaifiyarki ta bari a akwatin gilashi ne suka sa na rubuto. Bakwai ne, yanzu saura biyar. Kin san duk bayan mako biyu nakan yi kwana uku ba na gida. Telan da ke ƙasan benenmu nake bar wa makulli ya hau ya ba su abinci. Na rubuta masa bayani shafi biyu, da lamba da jan layi, yadda na yi wa ɗalibai shekara talatin: abin da yatsu biyu za su ɗauka, sau ɗaya a rana. Na dawo na tarar ruwan ya yi fari kamar na wanki, biyu sun taso sama ciki a waje. Wai ya ga suna buɗe baki, tausayi ya kama shi, ya ƙara musu. Takardata kuwa a kan kekensa na gan ta, ya rubuta awon wandon wani a bayanta. Iyakar amfanin da karatuna ya yi a unguwar nan ke nan.

Ki gaishe da yara, in suna tuna ni.

Babanki.


Uwata,

Gaisuwa da fatan alheri. Ya jikin autarki, tarin ya sake ta?

Saƙonki ya iso. Na buɗe kwalin ina neman wasiƙa, sai na sami na'urar ba kifi abinci, da takardar bayani cikin harsuna shida. Babu rubutun hannunki a ko ɗaya.

Kafin ta iso na yi wata dabara. Na zazzage ɗan akwatin maganina mai gida bakwai, na auna abincin kowace rana a gidansa. Tela yana ciwon gwiwa, sai ya hau sau ɗaya ya juye na kwana ukun gaba ɗaya. Saura kifi uku. Ban yi masa faɗa ba. Matakala arba'in da biyu ya taka saboda kifin wani, ni kuwa ban san wani nawa da ya taka su bana ba.

Na'urar tana aiki, ba zan yi mata ƙarya ba. Ƙarfe takwas na safe za ta juya ta zubo daidai awo. Kifayen sun daina zuwa jikin gilashi in na shigo, ƙarƙashinta suke taruwa. A da, in ina kwance a gadon asibiti da allura a hannu, maganin yana ɗiga, abin da nake tunani shi ne akwai masu jirana a gida da yunwa. Kin sauke mini wannan nauyin. Na gode.

Babanki.


Uwata,

Ina gaishe ku duka. Allah ya sa kuna cikin ƙoshin lafiya.

Likita ya duba hoton jiya. Ya daɗe yana gyara tabarau kafin ya ce maganin bai yi abin da aka so ba. Gobe Talata zan koma, kuma wannan karon bai ce kwana uku ba. Na tambaye shi kwana nawa, ya ce mu dai fara. Ni ma haka nake ce wa iyayen ɗalibin da na san ba zai ci jarrabawa ba.

Tela ya rufe shago, ɗansa ya zo ya tafi da shi saboda ƙafar.

Yau na canja ruwa, na wanke matatar ruwan, na sa sabon batir, na cika na'urar har baki. Abincin kwana goma sha huɗu take ɗauka. Bayan ya ƙare za su iya jure kamar mako guda, ƙaramin cikinsu wataƙila ba zai kai ba. Makulli yana wurin mai kantin da ke kallon ƙofarmu, na kwatanta masa ke. Gwangwanin abincin yana kan firji. Ba sai kin biyo asibiti ba, na san hanyar ta yi baya.

In ba za ki samu zuwa ba, kada ki faɗa mini. Ki rubuto ki ce kin je, kin same su su uku lafiya. Ba ni da yadda zan bincika.

Allah ya yi miki albarka.

Babanki.