Safar Hannun Wedson

Ni Lazarous Kapembwa, da hankalina nake rubuta wannan, ba wanda ya sa ni. Ƙafafu ne suka ƙi, kai kam lafiya lau. 'Ya'yana Mutale, Kasonde, Bupe, ku zauna wuri ɗaya ku karanta.

Na ɗaya. Gidan nan na Luanshya na Bupe ne, ita ta yi jinyata. Gonar masara ta ku maza biyu, a raba daidai.

Na biyu. Littafin nan mai baƙin bango ku kai ofishin Nsofu, ƙungiyarmu ta ƙwallon ƙafa. Tarihin ƙungiyar ne, tun ranar da mu goma sha huɗu, leburorin ramin tagulla, muka share fili da fartanya bayan tashi daga aiki. Kofi biyar da muka ɗauka, da shekara biyu cur da ba a ci mu a gida ba, da ranar da kasuwa ta watse don tarbarmu, duk na rubuta. Shafi ɗaya na yage. Ga abin da ke cikinsa.

A wasan ƙarshe na kofinmu na farko ni ne kyaftin, Wedson Sichone ne gola. Dab da hutun rabin lokaci wani ya sa masa gwiwa a ka. Da muka shiga ɗaki ya ja ni gefe ya ce, "Baban Mutale, ƙwallo biyu nake gani." Na yi dariya na ce, "To kama duka biyun mana, rago!" Na hana shi gaya wa koci, don ba mu da wani golan. Ya koma, ya tare fenariti, muka ci ɗaya da nema. Muna zagaya fili da kofi, shi yana jingine da turken raga. Mun ɗauka hutawa yake. Bai kai asibiti da rai ba.

Likita ya tambaya ko ya koka da wani abu, na ce a'a. Matarsa ta tambaye ni, na ce a'a.

Kun sha tambayata me ya hana ni zama bayan ragar gabas. Wedson yana can ne. Da rana tsaka nake ganinsa, hannu dafe da kai, yana kallona ba fushi. Tun da na kwanta ciwo ya daina jiran in je fili, bakin ƙofar nan yake tsayawa.

Na uku. Safar hannunsa tana cikin akwatin ƙarfe, ƙarƙashin gado. Ku uku ku kai wa 'yarsa Namwinga a Kitwe, wadda ya bari tana wata huɗu. Mutale, kai ne babba, karanta mata wannan takarda, kada ka tsallake layi. In ta kore ku, ku fito. Kada ku roƙa mini gafara, hakkinta ne.

Na huɗu. Kasonde, shekara goma sha ɗaya ba ka sa hannu kwano ɗaya da yayanka ba, don yana kocinku ya cire ka daga fili ranar da masu neman 'yan wasa suka zo daga Lusaka. Jini ne ke zuba daga kunnenka. Na yi shiru a lokacin, domin in na ce ya yi daidai, dole in faɗi yadda na sani. Ya yi daidai, ɗana. Kai za ka je ka same shi.

Na biyar. Dattawan ƙungiya za su zo da tuta su lulluɓe akwatin gawata. Ku gode musu, ku mayar.

Allah ya yi muku albarka, ku da 'ya'yanku, ya ba ku zuciyar da ta fi tawa. Kowace Lahadi bayan coci ku haɗu a gidan Bupe. Wanda ya riga zuwa ya jira sauran kafin a zuba miya.